Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa da Kasuwancin Duniya a Jami'ar Ahmadu Bello

Karatun hulɗar ƙasa da ƙasa fanni ne na ilimin zamantakewa da ke nazarin yadda ƙasashe ke mu'amala da junansu ta fuskar siyasa da tsaro da shari'a da ciniki. Kasuwancin duniya kuwa reshe ne na ilimin gudanar da kasuwanci da ke duba yadda kaya da kuɗi da jari ke ƙetare iyakokin ƙasashe. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ana koyar da fannonin biyu a matakin digirin farko, amma a sassa daban-daban. Na farkon yana ƙarƙashin Sashen Kimiyyar Siyasa da Nazarin Ƙasa da Ƙasa, a Tsangayar Kimiyyar Zamantakewa da ke babbar harabar jami'ar a Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari ta jihar Kaduna. Na biyun kuma ana samunsa ne a cikin darussan gudanar da kasuwanci da akanta da tattalin arziki. Karatun kan ɗauki shekara huɗu ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara uku ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu.

Tarihi

A matsayinsa na fanni mai zaman kansa a jami'a, ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa bai daɗe ba. An kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a shekarar 1919 a Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin gano abin da ke haddasa yaƙi da yadda za a kauce masa. A Najeriya an soma jin buƙatarsa ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da ƙasar ta zama mamba ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ta kuma fara buɗe ofisoshin jakadanci ba tare da isassun ƙwararrun da za su riƙe su ba. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Najeriya a Legas.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Ba daga fili aka fara ta ba, domin ta gaji wasu cibiyoyi da suka riga ta, ciki har da Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, wadda ta samo asali daga makarantar horar da akawu da aka buɗe a 1947. A Kongo aka riƙa horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an gwamnatin Jihar Arewa, a can kuma aka daɗe ana koyar da akanta da gudanar da kasuwanci, kafin daga baya jami'ar ta tattara waɗannan darussa ƙarƙashin Makarantar Kasuwanci ta ABU. Wannan rabuwa ta asali ita ta sa har yau ɗalibin siyasar duniya da ɗalibin kasuwanci suke tafiya a kan hanyoyi biyu, ko da yake abin da suke nazari ɗaya ne ta fuskoki da yawa.

Sashen kimiyyar siyasa ya fara ne da sunan Sashen Nazarin Gwamnati. Daga 1967 zuwa 1975 farfesansa shi ne James O'Connell, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Ayalan, wanda daga baya ya shugabanci sashen nazarin zaman lafiya a Jami'ar Bradford ta Ingila. A shekarun 1970 da 1980 Samaru ta yi suna a matsayin matattarar malamai masu ra'ayin sauyi, waɗanda suke kallon matsalolin Afirka ta fuskar mulkin mallaka da danniyar jari-hujja. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman da masanin zamantakewa Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika, suna cikin fitattunsu. Batun wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da yaƙin 'yantar da Angola da Zimbabuwe sun mamaye laccoci da tarukan ɗalibai na wancan zamani, musamman bayan gwamnatin Murtala Muhammad ta amince da ƙungiyar MPLA a ƙarshen 1975 duk da adawar Amurka. A 1988 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kori Wilmot daga ƙasar.

Shi kuwa digirin farko a nazarin ƙasa da ƙasa ana danganta kafa shi da Ibrahim Agboola Gambari, ɗan gidan sarautar Ilori, wanda ya zo Zariya a 1977 bayan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia ya kuma koyar a jihar New York. A farkon shekarun 1980, lokacin da yake shugabantar sashen, aka fara wannan shiri, wanda ake lissafa shi a matsayin irinsa na farko a matakin digirin farko a Najeriya.

Sharuɗɗan shiga

Mai neman gurbi yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. A jarrabawar JAMB ana zana darussa huɗu, Turanci dole ne, sauran ukun kuma daga irin su Gwamnati ko Tarihi da Tattalin Arziki ga mai son nazarin ƙasa da ƙasa, ko Lissafi da Tattalin Arziki ga mai son kasuwanci. Hukumar kan fitar da jadawalin haɗin darussan kowace shekara, kuma kuskure a wannan haɗi yana hana mutum gurbi ko da makinsa ya yi yawa. Akwai kuma hanyar IJMB, jarrabawar share fage da ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wadda ke kai mai sa'a aji biyu kai tsaye.

Abin da ake koyarwa

Shekarar farko ta share fage ce. Ɗalibi yana ɗaukar gabatarwa ga kimiyyar siyasa da tattalin arziki da zamantakewa, tare da darussan gama-gari da kowane ɗalibin jami'a ke yi. Daga aji biyu ne ake shiga ainihin fannin: tarihin diflomasiyya, manufofin Najeriya a ƙetare, dokokin ƙasa da ƙasa, ƙungiyoyin duniya, nazarin tsaro da dabarun yaƙi, siyasar tattalin arzikin duniya, da hanyoyin gudanar da bincike. A aji huɗu kowa kan rubuta kundin bincike ƙarƙashin kulawar malami. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shata mafi ƙarancin abin da za a koyar. A sabon tsarin da ta ƙaddamar a Disamba 2022, kashi 70 cikin ɗari na manhaja daga hukumar yake zuwa, kashi 30 kuma an bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da muhallinta.

Ginshiƙin karatun shi ne mazhabobin da masana ke fassara halayyar ƙasashe da su. Mazhaba ta farko tana ganin cewa tun da babu wata gwamnati a saman gwamnatoci, kowace ƙasa ƙarfinta da maslaharta take bi, yarjejeniya kuma tana ɗorewa ne muddin tana amfanar mai ƙarfi. Littafin Hans Morgenthau na 1948 shi ne aka fi jingina wannan ra'ayi da shi. Ta biyu tana ganin ciniki da dokoki da ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya suna iya rage faɗa, domin wanda ke cin riba da maƙwabcinsa ba ya saurin ɗaukar makami a kansa. Ta uku, wadda ta fi samun karɓuwa a Zariya a da, tana cewa talaucin ƙasashen Afirka ba jinkiri ba ne a kan hanyar da Turai ta riga ta bi, a'a, sakamako ne na tsarin da ya mai da su masu sayar da ɗanyen kaya da araha su sayo sarrafaffe da tsada. Walter Rodney, da littafinsa na 1972 kan yadda Turai ta tauye cigaban Afirka, da Samir Amin su ne jagororin wannan fahimta. Ba a buƙatar ɗalibi ya yi mubaya'a ga ɗaya daga ciki. Abin da ake nema a jarrabawa shi ne ya ɗauki lamari guda, misali rufe iyaka, ya nuna yadda kowace mazhaba za ta bayyana shi da inda bayanin nata ya gaza.

Littattafan da aka rubuta a Turai kan fara tarihin fannin daga sulhun Westphalia na 1648. Ga ɗalibin da ke zaune a ƙasar Zazzau wannan mafari yana da gibi, domin yankin yana da nasa tarihin diflomasiyya a rubuce. Mai Idris Alooma na Borno ya yi musayar jakadu da Daular Usmaniyya a ƙarni na 16. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi suka yi ta aika wa juna a kan halaccin jihadi misali ne na muhawara tsakanin dauloli biyu a kan dalilin yaƙi, wanda shi ne tsohuwar tambayar fannin. A 1824 kuma Bello ya karɓi baƙuncin Hugh Clapperton a Sakkwato, suka tattauna batun ciniki da Ingila.

A darasin manufofin Najeriya a ƙetare ana yawan amfani da misalin da'irori masu zagaye juna, wanda sunan Gambari ya shahara da shi. Da'irar ciki ita ce tsaron ƙasar da maƙwabtanta na kusa, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Benin. Ta biyu Afirka ta Yamma da ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Ta uku nahiyar Afirka, ta huɗu sauran duniya. A darasin doka kuwa shari'ar Bakasi ce babban misali: Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin ranar 10 ga Oktoba, 2002, aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa shi a Agusta 2008. Ɗalibai kan yi gardama a kan ko bin hukuncin rauni ne ko kuwa hikima, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai kafa.

Ɓangaren kasuwanci

Darussan kasuwancin duniya sun fi karkata ga lissafi da aiki. Ana farawa da dalilin da ke sa ƙasashe ciniki da juna, daga ra'ayin David Ricardo na 1817 cewa kowace ƙasa ta mai da hankali ga abin da take samarwa da sauƙi fiye da sauran kayanta, ta sayi ragowar a waje. Daga nan sai harajin kwastam, da canjin kuɗi, da inshorar kaya, da sufurin jiragen ruwa, da yadda kamfani ke shiga kasuwar wata ƙasa.

Misali ɗaya yana nuna yadda waɗannan ke haɗuwa. Ɗan kasuwar da ya tara riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano yana son sayar wa wani kamfani a Turkiyya. Bai san mai sayen ba, mai sayen ma bai san shi ba. Ba zai saki kaya kafin ya ga kuɗi ba, wancan kuma ba zai biya kafin ya ga kaya ba. Abin da ke warware wannan shi ne takardar lamunin banki: bankin mai saye ya yi alkawarin biya da zarar an gabatar masa da takardun da ke tabbatar da an loda kayan a jirgi, da shaidar ingancinsu, da ta asalinsu. Bankuna takardu suke dubawa ba buhuna ba, saboda haka kuskuren kwanan wata ko na nauyi a takarda yana iya riƙe kuɗin mutum makonni. Sai kuma tambayar wanda zai ɗauki asara idan kaya suka lalace tsakanin Kano da tashar Apapa, ko a cikin teku, wadda sharuɗɗan ciniki na duniya suka tanadi amsarta tun kafin a ɗaure buhu.

Canjin kuɗi shi ne darasin da ɗaliban wannan zamani suka gani da idonsu. Kafin watan Yuni 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ya sami nairori da yawa a kan kowace dala, mai shigo da magani ko kayan gyaran mota kuwa jarinsa ya narke. Manufa ɗaya ce, amma ta raba 'yan kasuwar gari ɗaya gida biyu.

A sama da ɗan kasuwa akwai dokokin da gwamnatoci suka amince da su. Najeriya mamba ce a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun kafa ta a 1995, ƙungiyar da Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun Maris 2021. Ta kuma sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka a Yamai a watan Yuli 2019, bayan ta yi jinkiri fiye da shekara guda saboda fargabar masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago. Wata guda bayan haka, a Agusta 2019, ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Wannan karo tsakanin alkawarin da aka yi a waje da matsin lambar cikin gida shi ne wurin da fannonin biyu suka fi haɗuwa.

Sabon Gari da Samaru a matsayin abin nazari

Garin da jami'ar take cikinsa shi kansa ciniki da ƙetare ne ya haife shi. Sabon Garin Zariya ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso a wajen 1911, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran sassan Afirka ta Yamma suka zauna a wajen ganuwar birni. Daga Zariya layi ya rabu zuwa Jos don kwaso kuza, wani kuma ya nufi Gusau da Ƙaurar Namoda don gyaɗa da auduga. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da rumbuna, har yau kuma unguwar kasuwanci da ake kira PZ tana ɗauke da sunan kamfanin Paterson Zochonis. Gonar gwaji ta Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, an fara ta ne a farkon shekarun 1920, kuma inganta audugar da masaƙun Lancashire ke buƙata yana cikin manyan dalilan kafa ta.

Bayan 'yancin kai an yi ƙoƙarin juya wannan tsari ta hanyar sarrafa audugar a gida. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, da tsadar wuta da man injin, da kwararowar atamfa mai araha daga Asiya sun durƙusar da su, babbar cikinsu ta rufe a 2007. Ɗalibin da ke neman batun kundin bincike zai iya bin zaren auduga daga gonakin Funtuwa da Giwa zuwa rumfunan 'yan atamfa na kasuwar Sabon Gari, ya tarar da kusan dukkan abin da aka koya masa a aji.

Rikicin Nijar na 2023

Juyin mulkin da sojoji suka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023 ya zama misalin da ya fi kusa da gida. ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu, ta ƙaƙaba takunkumi ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari. Sanatocin arewa suka fito fili suka ƙi yaƙi, saboda mutanen Katsina da Maraɗi, ko na Sakkwato da Ƙonni, dangin juna ne. Wasu daga cikin waɗanda suka sami ganin Janar Abdourahamane Tchiani a makonnin farko ba jakadun gwamnati ba ne: akwai Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda ya yi digirinsa na tattalin arziki a Samaru, da kuma tawagar malaman addini. An janye takunkumin a Fabrairu 2024 ba tare da an mayar da Bazoum ba, a Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Lamarin ya nuna iyakar abin da takunkumi ke iya yi a inda iyaka ta ratsa tsakiyar al'umma ɗaya.

Harshe

Maƙwabtan Najeriya huɗu na kan tudu duk sun gaji Faransanci a matsayin harshen aikin gwamnati, Larabci kuma harshen aiki ne a Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Jami'ar tana koyar da harsunan biyu. Darasin zango ɗaya ko biyu ba ya sa mutum ya iya tattaunawa, shi ya sa wanda ya ɗauki abin da gaske yakan ci gaba da koyo a waje da aji. Mai jin Hausa yana da wata riba da ba a cika lissafawa ba, domin harshen ciniki ne daga Agadas zuwa zangon Kumasi, akwai kuma masu jin sa a Sudan da Saudiyya.

Ƙalubale da aikin yi

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i yana tsawaita karatu. Na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yawan ɗalibai a aji yana rage damar muhawara, wadda ita ce ran wannan fanni, sabbin littattafai kuma da dala ake sayen su. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da mujallun da ake samu ta intanet suna cike wani ɓangare na wannan gibi.

Da yawan masu shiga fannin burinsu zama jakada. Ma'aikatar Harkokin Waje kuwa ba kowace shekara take ɗaukar ma'aikata ba, idan ta ɗauka ma guraben kaɗan ne kuma ana raba su tsakanin jihohi, sannan wani kaso na muƙaman jakadanci 'yan siyasa ake ba. Mafi yawan masu kammalawa, bayan shekarar yi wa ƙasa hidima, suna samun kansu ne a hukumar kwastam ko ta shige da fice, ko bankuna, ko aikin jarida, ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki a arewa maso gabas, ko koyarwa. Sakamakon digiri yana da tasiri a nan: daraja ta ɗaya tana farawa daga maki 4.50 cikin 5.00, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma yawancin tallafin karatun digiri na biyu a ƙetare daga nan suke sa sharaɗi.

Sanannun mutane

Shugaban jami'ar na farko ɗan Najeriya, Ishaya Audu, likitan yara ne, amma ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Gambari ya riƙe wannan kujera daga 1984 zuwa 1985, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999, ya kuma jagoranci rundunar haɗin gwiwa ta kiyaye zaman lafiya a Darfur daga 2010 zuwa 2012. Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya kammala kimiyyar siyasa a Samaru a 1979, shi ne ya shugabanci zama na 74 na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020. Mohammed Sanusi Barkindo, shi ma ɗalibin sashen, ya zama babban sakataren ƙungiyar OPEC daga 2016 har zuwa rasuwarsa a watan Yuli 2022. Daga ɓangaren tattalin arziki akwai Shamsuddeen Usman da Mansur Muhtar, waɗanda suka riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2007 da 2010.